Yadda Ake Kula Da Tashin Giya Idan Ka Dafa Mai Yawa A Gida

Duk wanda ya saba dafa lita 20 yana ganin tana fitowa lafiya lau, wata rana sai zuciya ta raya masa to me zai hana in yi lita 100 gaba ɗaya in huta. Nima haka nayi. Na ɗauka lissafi ne kawai, a ninka tsiron sha'ir sau biyar, a ninka ruwa sau biyar, a ƙara yis, shikenan. Dahuwar kam ta tafi daidai, matsalar sai bayan na rufe duro ta fara. Ma'aunin da ke rataye a bangon ɗakin yana nuna digiri 19 na Selsiyas, na tafi abina hankali kwance, sai a kwana na biyu na ɗora tafin hannu a jikin duron naji ɗumi kamar goshin yaro mai zazzaɓi, na tsoma ma'auni ciki na ga 27. Giyar ta fito tana warin nunanniyar ayaba haɗe da wani yaji mai ƙona maƙogwaro kamar maganin goge jan farce, na ajiye ta wata uku wai ko zata gyaru, ina, haka na zubar da fiye da rabi.

Abin da ban gane ba a lokacin shine yis da kansa wuta yake hurawa. Yana cin suga yana fitar da barasa da iskar CO2, yana kuma fitar da zafi, kuma zafin ba kaɗan bane. A lita 100 na giya mai matsakaicin ƙarfi, da ace zafin nan baya fita ko kaɗan, ya isa ya ɗaga ruwan da sama da digiri 10. A ƙaramin bokiti zafin yana sulalewa ta jiki ba tare da ka sani ba. Amma in ka ninka ruwa sau biyar, faɗin jikin mazubin sau uku kawai yake ƙaruwa, wato wuta ta ƙaru sosai amma tagogin da zata fita basu ƙaru haka ba. Kusan duk abin da zan faɗa a ƙasa a kan wannan yake tafiya.

Kafin komai dai ka duba dokar inda kake, don yawa yana shigar da mutum wani layi daban. A Amurka misali tun 1979 dokar tarayya ta yarda babba ɗaya ya dafa galan 100 a shekara, gida mai manya biyu ko fiye galan 200, na sha ne ba na sayarwa ba. A Birtaniya tun 1963 aka cire buƙatar lasisi ga mai yin na gida. Wasu ƙasashen kuma haramun ne gaba ɗaya ko lita ɗaya ce.

Mataki na 1: mazubi da inda zai zauna

Ka fara yanke shawara tun kafin ka kunna wuta, duro ɗaya babba ko ƙanana huɗu. Ni in ka tambaye ni, wanda bashi da hanyar sanyaya babban duro gara ya raba ruwan cikin mazubai na lita 30 guda huɗu, kowanne ya ɗauki lita 25. Wanki ya ƙaru, eh, amma zafi baya taruwa, zaka iya ɗaga su, kuma in ɗaya ya lalace ukun suna nan. Babban duro nasa daɗin shine giyar tana fitowa iri ɗaya kuma awo ɗaya zaka riƙa yi.

In roba ce ta zama irin wadda ake zuba abinci, galibi zaka ga alamar HDPE da lamba 2 a gindinta, kuma ka san abin da aka taɓa zubawa ciki, duron da ya taɓa ɗaukar mai ko sinadari kar ma ka fara, roba tana riƙe wari har abada. Ƙarfe mara tsatsa yafi komai, yana wankuwa tas kuma yana fitar da zafi fiye da roba. Kowanne ka zaɓa ka bar sarari a sama, kamar kashi ɗaya cikin huɗu ko cikin biyar na mazubin, wato lita 100 tana son duro mai cin wajen 125 zuwa 133.

Wani abu da mutane ke mantawa, lita 100 ta haura kilo 100 a nauyi. Inda ka cika shi nan zai zauna har ƙarshe. Don haka ka ɗora shi kan abu mai ƙarfi da ɗan tudu tun yana wofi, yadda ranar juyewa ruwan zai gangaro da kansa ta tiyo, kuma wurin ya zama mai inuwa, hasken rana baya shiga, iska kuma tana shiga tana fita.

Mataki na 2: wanki

Nan ba zan daɗe ba tunda kowa ya sani, amma wanki daban kashe ƙwayoyi daban. Ka wanke da soso mai laushi har ba sauran datti, kar ka sa soson ƙarfe a roba don ƙarzar da zai bari nan bakteriya ke ɓuya. Sannan ka bi da maganin kashe ƙwayoyi irin wanda ba a ɗaurayewa, kamar Star San, wajen mililita ɗaya da rabi a kowace lita ta ruwa, minti biyu ya isa. Ba sai ka cika duron da shi ba, lita 5 ka zuba ka mirgina shi ya taɓa ko'ina. Famfon da ke gindin duro ka kwance shi ɗaya bayan ɗaya, in ka ga abin da ke maƙale a cikin zarensa zaka sha mamaki. Bilic kuma ni na daina, yana cin ƙarfe mara tsatsa, in kuma ya rage ko kaɗan giyar sai ta riƙa warin asibiti.

Mataki na 3: sanyaya ruwan kafin yis ya shiga

Lita 20 zaka iya tsoma tukunyar cikin baho da ƙanƙara, lita 100 ba wannan zancen. Sai ka samu naɗaɗɗen bututun tagulla ko na ƙarfe mara tsatsa wanda ake tsomawa ciki ruwan sanyi na bi ta cikinsa, ko kuma na'urar faranti da ruwan zafi da na sanyi ke wucewa gefe da gefe. In ruwan famfonka da ɗumi, ka fara da shi har ka sauko wajen 35, sannan ka koma tura ruwan ƙanƙara da ƙaramin famfo, kar ka ɓata ƙanƙararka tun ruwan yana tafasa.

Ka sauko da shi ƙasa da inda kake so ya tashi da digiri ɗaya ko biyu. In yis ɗinka na 19 ne, zuba shi a 17 ko 18, shi da kansa zai hauro. Kuskuren da nafi gani shine mutum ya gaji, dare yayi, ruwa na 28, yace bari in zuba yis kawai zai huce kafin safe. A ƙaramin bokiti wataƙila ya huce. A babban duro kafin ya huce yis ya farka ya fara hura nasa zafin, sai su haɗu a tsakiya. Gara ka rufe shi ruf ka barshi ya kwana yana hucewa ka zuba yis da safe, in dai wankinka yayi kyau ba abin da zai same shi.

Kafin ka zuba yis ka ɗebi kaɗan ka auna da haidiromita, ma'aunin da ke nuna kaurin ruwan gwargwadon sugan da ke ciki, ka rubuta. Wannan lambar ta farko in ka manta ta tafi kenan. Giya mai matsakaicin ƙarfi zata nuna wajen 1.050. Yawancin haidiromita an saita su ne a digiri 20, don haka samfurin ya huce tukunna.

Mataki na 4: yawan yis

Rowar yis tana da tsada. In yayi kaɗan sai ya wahala wajen hayayyafa, ya daɗe bai fara ba, ya fitar da wari iri iri, wani lokacin ma ya gaji ya kwanta aiki bai ƙare ba.

Busasshen yis yafi sauƙi ga mai yin da yawa. Masu yinsa galibi suna rubuta giram 50 zuwa 80 ga lita 100 in na giyar ɗumi ce wadda ake kira el, na laga, wato giyar sanyi, kuma 80 zuwa 120 tunda a sanyi yake aiki. Ƙaramar leda tana zuwa da giram 11 ko 11 da rabi, kaga el tana son leda biyar zuwa bakwai kenan, shi yasa masu yin da yawa suke sayen babban ƙunshi na rabin kilo, su ɗiba su matse iska su mayar firji. In ruwanka ya wuce 1.060 ka kama lambar sama.

Yis na ruwa kuma lissafinsa haka yake, ƙwaya dubu 750 ga kowane mililita ga kowane digirin Plato, wato wani ma'aunin yawan sugan ruwan, laga ninki biyu. 1.050 kusan Plato 12 ne, in ka buga sai ka samu ƙwaya biliyan 900 ga lita 100, alhali fakiti ɗaya sabo dal wajen biliyan 100 yake ɗauke da shi. Fakiti tara kenan, ba wanda ke yin haka. Dabarar itace ka fara dafa lita 20 mara ƙarfi sati biyu kafin nan, ka sha giyar, lakar yis ɗin da ta kwanta a gindi ita zaka zuba a babban, ta isa.

In kuma tukunyarka lita 50 take ci, ba laifi, dafa rabi yau ka zuba yis, gobe ka dafa rabin na biyu ka sanyaya shi zuwa zafi ɗaya da na cikin duron ka zuba a kai. Masu gidajen giya sun daɗe suna yin haka. Kar dai tazarar ta wuce kwana ɗaya.

Mataki na 5: iska

Yis yana son iskar oksijin sau ɗaya tak, a farko, don ya gina jikinsa ya hayayyafa. Sabon busasshen yis yana zuwa da guzurinsa, baya damuwa sosai. Na ruwa da lakar da aka sake amfani da ita kuwa dole ne. Duro mai kilo 100 baya girgizuwa, don haka ko dai ka bar ruwan ya faɗo daga sama yana fantsama lokacin da kake cikawa, ko ka sa ɗan injin iska irin na tankin kifi da matacin iska a tiyonsa ya yi ta hurawa kamar rabin awa. Daga nan kuma an rufe wannan babin, duk iskar da ta shiga bayan tashi ya kankama ɓarna take yi, ita ke sa giya ta yi ɗanɗanon jiƙaƙƙen kwali.

Mataki na 6: kwana ukun farko

To nan ne aikin yake. Kusan duk ɗanɗanon da yis zai sa wa giya, mai daɗi da mara daɗi, a kwana biyu zuwa ukun farko yake yinsa lokacin da yake hayayyafa. Zafi yayi yawa a nan sai ka samu warin ayaba da wannan barasa mai nauyi da ke ƙona wuya kuma take sa ciwon kai, kuma ita bata gyaruwa da ajiya, na gwada na gani.

Abu na farko, daina auna ɗaki. Ruwan zaka auna. Mafi kyau ka samu siririn bututun ƙarfe mai toshe a ƙasa wanda yake shiga ta murfi har tsakiyar ruwa, ka zura wayar ma'auni a ciki. In babu, manna bakin ma'aunin a jikin duron wajen tsakiyar tsayin ruwan, ka rufe shi da soso ko guntun katifa ka ɗaure da salatif don kar ya riƙa karanta iskar waje. A roba mai kauri ka sa a ranka cewa ciki ya ɗan fi abin da kake gani.

Yis ɗin el yawanci 18 zuwa 21 yake so, na laga 9 zuwa 13, amma ka karanta jikin ledar don kowanne da halinsa.

Hanyoyin riƙe zafin, daga wadda nafi yarda da ita:

Firiza mai murfi a sama ko babban firji, haɗe da na'urar da ke kunna shi tana kashewa bisa abin da ma'auni ya nuna, irin su Inkbird. Ka saita lambar, ka bata tazarar rabin digiri, ka kuma saita jinkirin minti biyar zuwa goma tsakanin kashewa da kunnawa don kar kwamfiresa ta mutu. Wahalar kawai yadda zaka saka duron da yadda zaka fitar da giyar, shi yasa ƙananan mazubai suka fi shiga wannan tsarin, ko kuma ka tanadi famfon tura ruwa.

Ta biyu, bututun nan naɗaɗɗe ka barshi cikin duron ta murfi, amma na ƙarfe mara tsatsa fa, tagulla bata zama cikin giya mai tashi. Kula ɗaya cike da ruwa da ƙanƙara a gefe, ƙaramin famfo a ciki, na'urar nan tana kunna famfon duk sanda zafi ya hau. Duron kuma ka naɗe shi da bargo ko katifa don sanyin ya zauna. Wannan ita tafi dacewa da duro ɗaya babba don daga ciki take cire zafin inda yake taruwa. Ƙanƙara dai zata ci, musamman rana ta biyu, ka daskarar da robobin ruwa da yawa tun kafin ranar dahuwa ka riƙa musanyawa safe da yamma.

Ta uku, tsoma duron cikin babban baho na ruwa kana jefa daskararrun robobi. Tana aiki, sai dai tana son mutum yana gida, kuma kar ka jefa da yawa lokaci ɗaya zafi ya faɗo da digiri biyar, yis baya son haka, wani sai ya ɗauka an tashi aiki ya kwanta. Jiƙaƙƙen zane da fanka kuwa digiri biyu ko uku yake ragewa, shi ma sai iskar wurin a bushe take, a babban duro ban cika dogara da shi ba.

In duk waɗannan babu, to canza yis ɗin maimakon ka yi ta faɗa da zafi. Akwai wanda ake kira kveik, manoman yammacin Norway ne suka riƙe shi tun kaka da kakanni suna gadar wa juna, shi yana aiki a 30 har kusan 40 ba tare da ya fitar da wannan yajin ba, kuma cikin kwana uku ko huɗu ya gama. Yana da ɗan ƙamshin lemo nasa, ba kowace irin giya zai dace da ita ba, amma ga wanda ɗakinsa baya sauka ƙasa da 28 ni ban ga abin da ya fi shi ba.

Ka duba sau biyu a rana a ƙalla ka rubuta, awa nawa, digiri nawa. Cikin awa 12 zuwa 24 ya kamata ka ga kumfa ta fara taruwa a sama, laga takan ɗan fi jinkiri. In an kai awa 48 shiru, ba kumfa, haidiromita bata motsa ba, zuba sabon yis kar ka tsaya jira.

Mataki na 7: kumfa da iskar da ke fita

Ɗan makullin iskar nan mai ruwa da ake sawa a murfin bokiti, a babban duro wasa ne. Kumfa zata hau ta toshe shi, matsi ya taru, sai dai ka ji fam cikin dare ka tarar da murfi a gefe kumfa har silin. Ka sa tiyo mai faɗi, bakinsa kamar inci ɗaya, daga murfi ya sauka cikin bokiti mai ruwan maganin kashe ƙwayoyi, bokitin a ƙasa da duron. Bayan kumfa ta lafa in kana so ka mayar da ƙaramin.

Sai maganar da ba wasa a cikinta. Lita 100 na giya mai barasa kashi 5 cikin ɗari tana fitar da CO2 kusan kilo 4, in ya zama iska kusan lita 2,000 kenan, mafi yawansa cikin 'yan kwanaki. Bashi da launi, ya fi iskar da muke shaƙa nauyi don haka ƙasa yake kwanciya. Kar a yi wannan a ɗakin kwana, ko ƙaramin ɗaki rufaffe, ko ɗakin ƙarƙashin ƙasa mara taga, kuma yara da dabbobi da suke kusa da ƙasa su suka fi shiga haɗari. Firiza mai murfi a sama kuwa cika take yi da shi fal kamar rijiya. Na taɓa sunkuyawa ciki zan gyara waya, shaƙa ɗaya nayi naji hancina ya ɗau yaji idona ya yi duhu, da ƙyar na ɗago. Ka buɗe ka fifita tukunna, ko mafi kyau ka fitar da tiyon waje ta taga.

Mataki na 8: awo, ba kallon kumfa ba

Ƙarar ɓul ɓul a bokiti bata nuna komai sai cewa iska na fita ta nan. Murfi in yana yoyo zaka ji shiru alhali aiki na tafiya, in kuma zafi ya canza zaka ga yana ɓulɓula alhali an gama tuntuni. Haidiromita kaɗai zaka yarda da ita. Daga kwana na uku ka riƙa ɗiba ta famfo, ka fesa maganin kashe ƙwayoyi a bakinsa kafin da bayan, ka juya samfurin tsakanin kofi biyu iskar ta fita, ka auna, ka ɗanɗana, kar ka mayar da shi ciki. Masu rifiraktomita, ma'aunin suga da ke aiki da haske, su tuna cewa da zarar barasa ta samu lambarsa ƙarya ce sai an gyara ta da lissafi.

Ga wata dabara da take cire zullumi. Ranar dahuwa bayan ka zuba yis, ɗebi rabin lita a kwalba mai tsabta, ƙara masa yis da yawa, rufe baki sako sako, ajiye shi wuri mai ɗumi kana girgizawa duk sanda ka wuce. Cikin kwana biyu ko uku zai cinye duk sugan da zai ciwu. Lambar da ya tsaya a kai, nan babban duron ya kamata ya kai ko kusa da nan. Ɗanɗanonsa ba daɗi, ba don sha akayi shi ba.

Ƙarfin giyar kuma ka cire lambar ƙarshe daga ta farko ka ninka da 131. Daga 1.050 zuwa 1.010 saura 0.040, ya baka kashi 5 da ɗan ɗori.

Mataki na 9: sakin zafi a ƙarshe

Da ka ga an ci kamar kashi uku cikin huɗu na hanya, misali daga 1.050 an sauko 1.020, to yanzu zafi ya daina zama abokin gaba. Kashe sanyin ka barshi ya hau da digiri biyu ko uku, laga kuma a kaita 16 zuwa 18. Dalili, yis yana fitar da wani abu da ke komawa dayasetil mai warin man shanu, da wani mai warin ɗanyen tuffa, kuma shi da kansa yake dawowa ya shanye su in yana da sauran kuzari. A babban duro akwai tarko a nan, da aiki ya ragu wutar cikin ta mutu, in kana ci gaba da jefa ƙanƙara kamar jiya sai zafin ya faɗi daidai lokacin da ake son ya hau.

Bayan kwana biyu ko uku ka gwada. Ɗebi kofi biyu, ɗaya ka rufe ka sa cikin ruwan zafi wajen digiri 60 na minti 20, ka sanyaya shi, ka sunsuna su biyun. In wanda aka ɗumama yana warin man shanu to da saura, ƙara masa kwana biyu ka sake. Warin ruɓaɓɓen ƙwai kuwa kar ya tsorata ka, yis ɗin laga ya saba, yana tafiya da kansa.

In ya tsaya a hanya

Lamba ta maƙale a 1.022 kwana uku, samfurin gwajinka kuma ya nuna 1.010. Fara da mai sauƙi, ɗaga zafi zuwa saman abin da yis ɗin ke ɗauka, ka sa doguwar muciya mai tsabta ka tayar da lakar a hankali ba tare da fantsama ba, ka jira kwana biyu. In bai motsa ba kar ka barbaɗa busasshen yis kai tsaye, barasar da ke ciki zata kashe masa gwiwa, ka tayar da shi a lita biyu ko uku na sabon ruwan malt, wato dafaffen ruwan tsiron sha'ir, sai yana tsaka da kumfa ka juye duka. In kuma samfurin gwajin shi ma a 1.022 ya tsaya, yis bashi da laifi, tun wajen jiƙa tsiro zafi yayi yawa aka samu sugan da baya ciwuwa, ka karɓe ta a haka.

Wanda kuma ya ga wata farar fata a sama mai manyan ƙuraje, ga tsami, ga lamba na ta sauka ƙasa da inda ya kamata, baƙi ne suka shiga. Kar ka sa ta a kwalba, kuma tiyo da duk wata roba mai laushi da ta taɓa ka canza su.

Mataki na 10: sanyi da juyewa

Sai lamba ta tsaya cak kwana uku a jere kuma gwajin wari ya wuce. El yawanci sati biyu, laga uku ko fiye kafin a shiga ajiyar sanyi. In kana da hali ka sauke ta zuwa digiri 1 zuwa 4 na kwana biyu ko uku, yis ya kwanta giya ta washe. Amma ka cire tiyon nan daga bokiti tukunna, don iskar saman duron in ta yi sanyi tsukewa take, sai ta zuƙo ruwan bokitin ta juye maka a giya, kuma babban duro da yake sararinsa da yawa zai iya shanye bokitin tas.

Wajen juyewa tiyo ya kai har gindin mazubin da ake zubawa, ba fantsama. In kwalba zaka yi, suga giram 5 zuwa 7 a kowace lita, wato wajen giram 600 ga lita 100, ka narka shi a tafasasshen ruwa. Kar ka zuba shi duka a duro ɗaya kace zai gauraya, ba zai yi daidai ba, wasu kwalaben su fito lami wasu su riƙa feshi. Ka riƙa ɗiban lita 20 a bokiti da sugansa giram 120, ka cika kwalaben, ka sake ɗibo wani. Kwalba 200 ce ta rabin lita ke jiranka don haka ka nemi mai taya ka. Kwalabe masu ruwan ƙasa sun fi, haske yana ɓata giyar da ke cikin kore da fara.

Kuma kar gaggawa ta sa ka cika kwalba alhali saura maki huɗu ko biyar na haidiromita a gama, wannan ragowar kaɗai ta isa ta ninka iskar da ke cikin kwalbar, kuma gilashi in ya fashe baya sallama. Ka cika robar lemo ɗaya tare da su ka riƙa matsa ta kullum, in ta yi tauri kamar dutse cikin kwana biyu ko uku akwai matsala, kai su firji maza ka sassauta murafen. In komai daidai ne sati biyu a wajen digiri 20 ya isa.

Lakar da ta rage a gindin duro kuma kar ka zubar duka. Ɗebi mai launin madara ta tsakiya a kwalabe masu tsabta, rabi zuwa kashi biyu cikin uku, kar ka ɗaure murfin tamau don tana ci gaba da fitar da iska, rubuta kwanan wata da sunan yis a jiki ka sa firji. Cikin sati biyu ka yi amfani da ita, in ta wuce haka sai ka fara tayar da ita a ɗan ruwan malt kwana ɗaya kafin ranar dahuwa.